In kai ɗana koyon aikin tur, ko sana'ar ta mutu?

Wani ƙanena mai injin niƙa a unguwar Bagalam ya aiko mini da tambaya. Sandar injinsa ta karye, ya yi kwana uku yana yawo cikin Maradi kafin ya samu wanda zai fere masa sabuwa a tur, wato injin da ke fere ƙarfe, wanda ya samu ɗin kuma dattijo ne shi kaɗai a shago, ba yaro ko ɗaya a gabansa. Yana da ɗa mai shekara 16 da bai ci jarrabawar BEPC ba, yaron kuwa ransa na kan ƙarfe. Ya ce: in kai shi koyon tur, ko sana'ar ta mutu in nema masa wata hanya?

Ƙanena, Allah ya raya mana yaron nan, ya yi masa albarka. Amsata ita ce ka kai shi. Amma sai ka ji yadda aka yi muka kai ga har mutum zai kwana uku yana neman mai tur a garin da ake ce wa cibiyar kasuwancin Nijar, domin a cikin wannan bayanin ne za ka gane wurin wa ya kamata ka kai shi, da abin da za ka sa ido a kai.

Na shiga shago a 1977 ina da shekara 15. Mahaifina maƙeri ne, na tashi ina jan zuga-zugi, na san ƙarar masaba a kan uwar maƙera tun ban san karatu ba. Shi ne ya kama hannuna ya kai ni wurin wani abokinsa da ya yi aiki da Turawa a wurin gyaran injuna. Ranar da na fara ganin tur na tsaya baki sake. Inji ne dogo, yana riƙe ƙarfe yana juya shi, wuƙa tana tafiya a hankali tana fere shi kamar mace na feraye rogo, ɓawon yana fita yana nannaɗewa. A gidanmu sai an gasa ƙarfe ya yi ja kafin ya ji magana. Nan ga shi da sanyinsa ana yanka shi.

A lokacin aiki ya fi ƙarfin masu yi. Gyaɗa ta riga ta gina garin, ga matsar mai ta Siconiger, ga majemar Sonitan, ga manyan motoci ƙirar Berliet suna jigila, ga Peugeot 404 da 504 ko'ina a tasha. Duk ƙauyen da ya isa ƙauye akwai injin niƙa irin Lister ɗin nan na Ingila, mai manyan ƙafafu biyu, mai ƙarfin doki 6, wanda ba ya wuce juyi 650 a minti. Daga baya na Indiya suka shigo, kwafinsa sak. Waɗannan injuna an ƙera su ne don a gyara. Ƙarfen zubi ne mai kauri, kowane sashe yana kwantuwa, kowane sashe akwai naman da za a rage a sake gyara shi. Karanshaf, sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, idan ya ci, a goge shi a rage 0.25 na milimita a sa masa abin da ya dace da sabon awon. Ya sake ci, a kai 0.50, har 0.75. Inji guda sai ya ga uba ya ga ɗa. Kayan gyara kuma idan babu a Kano, sai an aika Faransa a yi watanni ana jira. Saboda haka noti ma mu ke yi.

Wata shida maigidana bai bar ni na taɓa tur ba. Shara, goge inji, zuba mai, sai magagari. Ya ba ni guntun ƙarfe ya ce in goge shi ya zama fuska shida, kowace fuska a miƙe, kowace kusurwa daidai. In na kawo sai ya ɗora masa ma'auni ya ɗaga sama wajen ƙofa. In haske ya ratsa tsakani, ba ya cewa komai, miƙo mini kawai yake yi. Hannuna ya yi kanta, na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba. Sai da na girma na fahimci abin da yake koya mini a watannin nan: ido ya san karkata, hannu ya san lokacin da ya ci da yawa, zuciya kuma ta yarda cewa ma'auni ya fi ta gaskiya.

Bayan nan aka ba ni ƙananan ayyuka. Zoben ƙarfe da ake sawa ƙarƙashin noti, kusa mai haƙora, bushin na tagulla da sanda ke juyawa a cikinsa, gatarin amalanke. Ka riƙe wannan da kyau, ƙanena, domin nan ne bakin zaren maganar. Waɗannan ƙananan ayyuka su ne makarantar. Yaro zai yi bushin ɗari, ya ɓata ashirin, asarar ba ta taka kara ta karya ba, maigida yana samun kuɗin cefane daga tamanin ɗin da suka yi kyau, yaron kuma hannunsa yana nuna. Kafin shekara uku ya wuce nan ya kai ga sandar inji, daga nan ya kai ga gyaran silinda. Tsani ne, hawa-hawa.

To wannan tsanin ne aka sare masa matakan ƙasa. Yau noti da kusa da bushin da fistin na babur suna nan jibge a kasuwa, daga Sin da Indiya, kuɗinsu bai kai kuɗin wutar da zan ƙona in yi guda ɗaya ba. Ba wanda zai kawo mini su, kuma ban ga laifin kowa ba, talaka abin da aljihunsa zai ɗauka yake bi. Abin da ya rage yana zuwa shago shi ne mai wuya: abin da babu a kasuwa, abin da ya yi tsada, abin da idan aka ɓata shi mai shi zai yi kuka. Irin wannan ba a ba ɗan koyo. Sai yaro ya shekara biyu yana kallo, bai riƙe komai ba, ba ya samun ko dala ashirin ta kansa, abokinsa kuwa ya karɓi babur yana kabu-kabu yana shigowa gida da jikka biyu da yamma. Wa zai zauna? Dattijon da ka tarar shi kaɗai, na tabbata yara sun bi ta hannunsa, tsayawa ce ba su yi ba.

Injunan ma sun sake hali. Ɗan ƙaramin injin ban-ruwa mai fetur da masu lambu ke ɗauka a kan babur zuwa fadamar Gulbi ko Jiratawa yana juyi 3600 a minti, jikinsa sanholo ne marar kauri. Yana da sauƙi, yana da araha, ya taimaki manoman rani ƙwarai, ban raina shi ba. Sai dai idan ya ci ya ci ke nan, sayen sabon kai ya fi gyaran tsohon sauƙi. Ga matsalar wuta. Tur babba wuta mai layi uku yake so, wutar Maradi kuwa daga Najeriya take zuwa ta Katsina. A watan Agustan 2023 da aka yanke ta bayan juyin mulki, shaguna da yawa sun yi zaman jiran tsammani, mai janareto kuma kuɗin mai ya cinye ribarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga tur ƙirar Cazeneuve, na Faransa, lafiyayye, maigidansa ya rasu, magada suka kira ƴan gwangwan aka auna shi a kilo aka farfasa. Da na sani da wuri da na ci bashi na saye shi. Har yau in na bi ta layin nan sai na kau da kai.

Amma kada wannan ya sa ka ɗauka aikin ya ƙare. Na ga lokacin da aka ce ya ƙare ya dawo. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Cikin ƴan kwanaki kayan waje suka ninka. Mutanen da suka daina zuwa wurinmu suka dawo da tsofaffin ƙarafa a buhu, muna kwana a shago. Haka aka yi da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, haka aka yi a 2023. Mu ƙasa ce marar teku, duk abin da muke saye sai ya ratso ƙasar wani. Ranar da hanya ta toshe, wanda ya iya ƙerawa shi ake nema da fitila.

Ko ba a rufe iyaka ba, dubi abin da ke juyawa a garin nan da kewayensa. Injunan niƙa da na ɓarzar hatsi, na matsar gyaɗa da mata ke yin ƙuli-ƙuli da mai, na casar gero, na buga bulo, famfunan burtsatse, taraktoci, tireloli masu bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, injunan gidajen burodi da na ruwan leda. Yawancin na sarrafa amfanin gona a nan ake haɗa su, mai walda ya yi gangar jiki, amma sanda da fuli mai jan bel da mazaunin rulma, zoben nan mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a ciki, dole sai mai tur. Ga layin dogo na Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kimanin kilomita 284. In Allah ya kawo jirgin, ƙarfe ne zai riƙa gogar ƙarfe dare da rana. Masu walda sun yi yawa, kowane lungu akwai mai ƙofa da taga. Masu awo ne suka yi ƙaranci, kuma shi ya sa ka kwana uku kana nema.

Bari in nuna maka abin da nake nufi da awo, da misalin sandar injin niƙa irin taka. A ce rulmar da ke kanta, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa boris, mai lamba 6207 ce. Raminta milimita 35 ne, bayanta 72, kaurinta 17. Wurin da za ta zauna a jikin sanda ba a yi masa 35 cif, ana barin sa ya ɗara da kamar kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, 35.01, don ta kama gam. Gashin kanka ya ninka wannan ɗan ƙarin kauri sau biyar ko fiye. Kulis, ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamarwa, ba ya ganin sa sosai, sai palmar, ma'aunin nan mai murɗawa da ke karanta 0.01. Wajen sawa kuma ba a dukan rulma da guduma. A dumama ta cikin mai, kada ta wuce digiri 100 da ɗan kai, zafin zai buɗa ramin da kusan 0.03, ta zame ta shiga da kanta, in ta huce ta riƙe.

A kan irin wannan sandar na yi ɓarnar da ba na mantawa. Shekarata ta uku ce, wani mutum ya zo daga wajen Tibiri da karyayyar sanda, mata na jiran niƙa, ana gobe kasuwa. Maigida ya ce in yi. Na samo sandar ƙafar baya ta wata tsohuwar babbar mota, ƙarfe mai kyau, na ɗaura. Don in burge, na ci da sauri, ƙarfen ya yi zafi har ba ya taɓuwa, ɓawon yana fita shuɗi. Na auna, palmar ya ce 35.01, na yi murna na sauke. Muka tafi sallar la'asar. Da muka dawo maigida ya ɗauki rulma ya ɗora, sai ta zurma sululu har ƙasa ta buga ƙwal. Ƙarfen ya huce ya tsuke. Ƙarfe yana buɗawa da zafi, a kauri irin wannan digiri 50 ya isa ya ƙara masa 0.02, ni kuwa na auna shi yana zazzaɓi. Na ce bari in sassara wurin da ƙusa ya yi ƙuraje don rulmar ta kama, dabarar da na ga wasu na yi. Maigida ya dube ni ya ce mutumin nan daga Tibiri ya zo, in na yi haka sati biyu zai dawo, kuma ba zai san abin da ya ci shi ba, amma ni na sani, Allah kuma ya sani. Ya miƙo mini wata sandar. Sai bayan isha na gama, ina ci kaɗan ina jira ya huce, shi da baƙon suna zaune a kan benci suna shan shayi. Bai cire kuɗin ƙarfen daga hannuna ba, bai kuma sake ta da maganar ba har ya bar duniya. Allah ya jiƙansa.

Akwai wani ilimin da zama a bakin iyaka ya tilasta mana. Kayan Faransa da awon milimita suke zuwa, tsofaffin kayan Ingila da suka biyo ta Kano da inci. Haƙoran kusa na milimita kusurwarsu digiri 60 ce, na Whitworth, wanda wani Bature ɗan Ingila ya tsara a 1841, digiri 55. Kusa M10, mai kaurin milimita 10, tazarar haƙoranta milimita 1.5 ce. Ta inci 3/8 haƙora 16 gare ta a kowane inci, tazararsu ta kusa 1.6. A ido kamar tagwaye. Wanda bai sani ba zai ɗaura noti, ya yi zagaye biyu ko uku ya cije, ya sa ƙarfi, ya kashe haƙoran duka biyu. Domin a yanka haƙoran milimita a kan tur na inci akwai wani giya mai haƙora 127 da ake sawa, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, in ka ninka sau biyar ka samu 127. Maigidana bai yi lakwal ba, amma wannan lissafin a kansa yake, da alli yake yin sa a jikin ƙofa. Ya kan gane irin ƙarfe daga tartsatsinsa a dutsen washi: mai tauri tartsatsinsa fari ne yana fashewa kamar furen gero, ƙarfen zubi nasa ja ne gajere. In zai ba wuƙa ruwa, launi yake kallo, ruwan kara ga abin yanka, shuɗi ga abin da ake so ya yi danƙo. Ƙarfen zubi in ya tsage, sai ya dumama shi dukansa kafin walda, bayan nan ya binne shi cikin toka ya kwana yana hucewa a hankali. Duk wannan ba a rubuce yake ba. Kowane dattijo da muka kai makwanci, da nasa ya tafi.

Yanzu ga yaronka. Kada ka kai shi wurin wanda ya fi kowa yawan yara ko fentin ƙofa. Ka je da kanka ka zauna awa guda kamar mai jiran aiki. Dubi inda yake ajiye palmar: in yana cikin akwatinsa a goge, alama ce mai kyau, in yana yashe cikin ɓawon ƙarfe tare da guduma, ka yi sallama ka wuce. Dubi ko yana share gadon tur ya shafa masa mai kafin ya rufe shago. Dubi ko yana iya ce wa mai kawo aiki wannan ba zai gyaru ba, je ka sayi sabo. Dattijon da ya yi maka sanda, in aikinsa ya yi kyau, fara da shi. Mai yiwuwa ya daɗe yana jiran wanda zai zo ya tsaya.

Ka yi magana da shi a fili, gaban shaida, kan shekara nawa, da abin da za a koya wa yaron kowace shekara. Ƙasa da shekara huɗu ba a zama mai tur. Kuma tunda ƙananan ayyukan da ke ciyar da ɗan koyo sun tafi, kai ne za ka cike gurbin. Ka ɗauki nauyin abincinsa da ɗan kuɗin aljihu, don kada babur ya janye shi. Ka riƙa saya masa ƙarafa a wurin ƴan gwangwan, kilo biyu kilo uku, ya yi ta ferewa yana ɓatawa ba da fargaba ba. Wannan shi ne kuɗin makarantarsa, kuma bai kai abin da ake biya a makarantun kuɗi ba.

Rashin BEPC kada ya sa ya jefar da littafi. Lissafin da ke cikin aikin nan ba shi da yawa amma ba a tsallake shi. Ƙarfe na yau da kullum da wuƙa ta gama-gari ana yanka shi a gudun mita 25 a minti, to in kaurinsa milimita 50 ne, juyi nawa za a sa wa tur? Wajen 160. Dole ya iya fitar da wannan, ya iya karanta zane, ya san Faransancin da ke jikin takardun inji. Mu mun koya da ka, mun sha wuya a banza a wurare da yawa. A garin nan akwai Lise Teknik Ɗan Kasawa, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai asusun FAFPA da ke tallafa wa horon masu koyon sana'a. Ka je ka tambayi ƙofar da yaro irin naka zai iya shiga, ko da darasin zane da lissafi ne kawai, ya haɗa da shago. Wanda ya fito makaranta zalla na sha ganin sa ya san sunan komai amma hannunsa na rawa. Na shago zalla kuma in aka miƙa masa zane sai ya juya shi sama da ƙasa. Ya koyi walda ma, da ɗan sanin moton lantarki mai juya inji, domin yau mai kawo aiki so yake a gama masa komai wuri ɗaya. Akwai injunan da kwamfuta ke tuƙawa yanzu a manyan masana'antu, in rabonsa ya kai shi can, wanda ya san yadda ƙarfe ke kuka a ƙarƙashin wuƙa shi ya fi saurin gane su.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: tur ba ya da tausayi. Ba a zuwa gabansa da babbar riga, ko hannun riga sake, ko rawani mai jela, ko zobe, ko safar hannu. Ba a barin makulli a jikin kan da ke riƙe ƙarfe, in aka kunna zai tashi kamar harsashi. Ba a jan ɓawo da yatsa, kaifinsa ya fi aska. Ya sa tabarau ko da maigidan ba ya sawa. Na san mutum biyu da suka rasa yatsu, dukansu ƙwararru ne, sabo ne ya ci su. Ka saya masa tabarau da takalmi rufaffe tun ranar farko, ka gaya masa in ji ni.

Game da sandarka kuma, tunda ta karye sau ɗaya ka binciki dalili, don sanda ba ta karyewa haka kawai. Dubi bakin karayar. In akwai sashe mai santsi da layi-layi kamar ɓawon kifi, sannan sashe mai garaje, tsagewa ce ta daɗe tana ci a hankali, galibi daga wata kusurwa mai kaifi da aka bari inda kauri ya sauya, ko bel da aka ɗaure fiye da kima, ko fulin inji da na niƙa ba su kan layi ɗaya. Ka ɗora igiya a gefen fulin biyu ka gani. In ba ka zubar da guntayen ba, ba yaron ya kai wa dattijon tare da tsohuwar rulmar, ya tsaya ya ji abin da zai ce.